Me Ya Sa Ba Ku Samun Samanja da Kuliya a Kasuwa? Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Haƙƙin Waƙa a Tsofaffin Wasannin Talabijin

Idan kuka bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano, daga wajen Gidan Bello Dandago inda Rediyon Kano take, kuka ratsa Fagge kuka nufi Bata a bakin kasuwar Sabon Gari, ba za ku rasa masu tura fina-finai a waya ba. Na Indiya mai fassara, na China, na Turkiyya, na Kannywood tsoho da sabo, duk za a zuba muku cikin 'yan mintoci. Amma ku tambayi cikakken Samanja Mazan Fama, daga kashi na farko zuwa na ƙarshe, hoto tas, sauti tas, da sunan tashar da ta yi shi a jiki. Abin da za ku samu, in an dace, guntaye ne da wani ya naɗa daga talabijin a gidansa shekaru masu yawa da suka wuce, hoton yana rawa, muryar tana shaƙewa.

Dalilan haka suna da yawa. Wasu kaset-kaset ɗin sun lalace, wasu an goge su. Amma akwai dalili guda da ba a cika lura da shi ba, wanda ke jiran duk wanda ya tashi fitar da irin waɗannan wasanni bisa doka, wato kiɗa da waƙar da ke cikinsu. Tashar da ta mallaki kaset ba lallai ne ta mallaki duk abin da kunne ke ji a cikinsa ba. Ga bayanin dalla-dalla.

Waɗanne wasanni ake magana a kansu?

Talabijin ta fara aiki a Arewa a Kaduna cikin 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar nan a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. A farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta buɗe tata tashar, CTV, wadda yanzu ake kira ARTV.

A wannan tsakanin ne aka yi wasannin da manya ke ba da labarinsu har gobe. Daga Kaduna aka samu Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam. Daga Jos aka samu Karkuzu. Tashoshin Kano kuwa suka fito da su Kuliya Manta Sabo, Taskira, Bakan Gizo, Hankaka da Ɗan Magori. Duk an yi su ne don a nuna a talabijin, a kalla a gida ko a gidan kallo na unguwa, a tashi. Sana'ar sayar da fim ɗin Hausa a kaset ba ta kankama ba sai bayan Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Ke nan lokacin da ake ɗaukar yawancin waɗancan wasanni, babu wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za a sayar da su a shago, balle a kalle su a waya.

Mene ne haƙƙin mallaka?

Haƙƙin mallaka shi ne ikon da doka ta ba wanda ya ƙirƙiri wani abu da basirarsa, kamar waƙa, littafi, zane ko fim, cewa shi ne mai cewa a kwafa ko kar a kwafa, a sayar ko kar a sayar, a watsa ko kar a watsa. Ba sai ya je ofis ya yi rajista ba. Da zarar an naɗi waƙar ko an rubuta ta, haƙƙin ya tabbata.

Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin ta 1988, wadda ita ma ta maye gurbin ta 1970. Hukumar da ke kula da dokar ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, kuma tana da ofis a Kano.

Wataƙila ku ce wannan ai tsarin Turawa ne. To, malaman Musulunci ma sun tattauna batun. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, kuma bai halatta a keta ta ba.

Lasisi kuwa, kalmar da za ku yi ta ji a wannan harka, izini ne da mai haƙƙi yake bayarwa a yi amfani da abinsa ta wata hanya da aka ambata, na wani lokaci, a wani wuri, yawanci a kan wani kuɗi.

Waƙa ɗaya, mutum nawa ke da haƙƙi a cikinta?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Waƙar da kuka ji a cikin wasa tana iya ɗauke da haƙƙi har uku, kowanne da mai shi.

Na farko shi ne haƙƙin waƙar kanta, wato baitocinta da karin muryarta. Wannan na wanda ya tsara ta ne, in ya rasu ya koma ga magadansa.

Na biyu shi ne haƙƙin naɗin, wato wannan sautin da aka ɗauka a wata rana, a wani ɗakin ɗaukar murya. Wannan yawanci na wanda ya shirya ɗaukar kuma ya biya kuɗinta ne. Yana iya zama kamfanin faifai irin su EMI, waɗanda suka buga waƙoƙin makaɗan Hausa a faifan garmaho. Yana iya zama gidan rediyo, domin Rediyon Kaduna da Rediyon Kano sun sha gayyatar makaɗa su naɗe su a ɗakunansu.

Na uku shi ne haƙƙin waɗanda suka yi aikin da bakinsu da hannunsu: mai rerawa, 'yan amshi, masu kalangu, mai kukuma, mai sarewa.

Alal misali, a ce a wani wasa an nuna mai shayi ya kunna rediyo, ana jin waƙar Mamman Shata na tsawon minti ɗaya. Mai son sayar da wasan yau yana bukatar yardar magadan Shata saboda waƙar, da yardar wanda ya mallaki wannan naɗin. Idan ɗaya ya yarda ɗaya ya ƙi, aikin ya tsaya. Yanzu ku lissafa wasan da ya yi shekaru ana nuna shi duk mako, kowane kashi da kiɗan buɗewa, da na rufewa, da na tsakanin fitowa da fitowa, da na wurin biki.

Ai tashar ta riga ta nuna wasan, don me za a sake neman izini?

Domin izinin watsawa daban, izinin sayarwa daban. Wanda ya kama hayar rumfa a Kantin Kwari yana da ikon ya zuba kaya ya yi ciniki a ciki, amma ba shi da ikon ya sayar da rumfar.

Gidajen rediyo da talabijin ba sa bin kowane mawaƙi ɗaya bayan ɗaya kafin su sa waƙarsa. Tsarin da aka saba a duniya shi ne su biya kuɗi a dunƙule ga wata ƙungiya da ke karɓa a madadin mawaƙa, ita kuma ta raba musu. A Najeriya ƙungiyar MCSN, wadda aka kafa a 1984, ita ce ke da amincewar hukuma kan wannan aiki. Akwai kuma COSON, wadda ta samu lasisi a 2010, hukuma ta dakatar da shi a 2018. A Nijar ofishin BNDA ne ke wannan aiki. Irin wannan biya na dunƙule yana halatta wa tasha ta watsa waƙa a iska. Ba ya halatta mata ta manna waƙar a jikin hoto, ta buga kwafi dubu ta kai Bata ko Ƙofar Wambai, ko ta ɗora a intanet duniya ta kalla.

Manna waƙa a jikin hoto mai motsi yana da nasa izinin, kuma ana ciniki a kansa ne waƙa bayan waƙa. Haka buga kwafi, ko a kaset, ko a faifan sidi, ko a tura a waya. Kowace sabuwar hanya ta isar da wasan ga mai kallo tana ta da tambaya guda: shin izinin da aka bayar tun farko ya haɗa da wannan?

Me ya sa ba a rubuta yarjejeniya tun farko ba?

Amsar tana cikin yadda sana'ar kiɗa take a ƙasar Hausa. Makaɗi ba daga faifai yake ci ba. Daga ubangida yake ci, da wanda ya wasa, da taron biki da na sarauta. Ana ba shi riga, doki, kuɗi, mota, har kujerar Makka. Idan rediyo ta sa waƙarsa, a wurinsa talla ce da ɗaukaka, domin gobe wani attajiri zai ji ya aika a kira shi. Saboda haka da wuya makaɗi ya ce sai an biya shi kafin a sa muryarsa a wasan talabijin. Sau da yawa ma ba ya sanin an sa.

Su ma masu shirya wasan ma'aikatan gwamnati ne masu aiki da ɗan abin da aka ba su. In ana bukatar kiɗan baƙin ciki ko na tsoro, sai a shiga ɗakin ajiyar faifai a ɗauko wanda ya dace, ko na gida ne, ko na Indiya, ko na Turawa. Ba a saba rubuta takardar jerin kiɗa ba, wato takardar da ke nuna sunan kowace waƙa da aka sa, da mai ita, da tsawon daƙiƙoƙin da ta ɗauka. Rashin wannan takarda yana nufin mai son fitar da wasan yau sai ya zauna ya saurari kowane kashi da kunnensa, ya gano kiɗan wane ne wannan, kafin ma ya fara neman mai shi.

Doka ta yarda da izinin baka, har ma da izinin da ake fahimta daga halin mutum, muddin ba izini ne da ya keɓe mutum ɗaya ya hana kowa ba. Amma sayar da haƙƙi ɗungurungum, ko ba wa mutum ɗaya shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. To makaɗin da ya ce "ku sa, ba komai" a 1983, me ya yarda da shi? Nunawa a CTV a daren Juma'a, ko sayarwa a Landan bayan shekara 40? Shi ya rasu, wanda ya faɗa wa ya rasu, babu takarda. Daga nan gardama take farawa.

Yaushe haƙƙin yake ƙarewa?

Haƙƙin mallaka ba na har abada ba ne, amma yana da tsawon rai, kuma ba duka ke ƙarewa rana ɗaya ba.

Haƙƙin waƙa, baiti da kari, yana nan duk tsawon rayuwar mai ita, da ƙarin shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan waƙoƙinsa suna da kariya har ƙarshen 2061. Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Barmani Coge ta rasu a 2013, nata sai 2083. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai 2085.

Haƙƙin naɗin sauti, da na fim, da na shirin da aka watsa, shekara 50 ne daga fitowarsa ta farko. Wasan da aka fara nunawa a 1983 zai fita daga hannun tasha a ƙarshen 2033.

Ku lura da giɓin da ke tsakani. Ko bayan wasan kansa ya zama na kowa, waƙar Shata da ke cikinsa tana da sauran fiye da shekara 30 a hannun magada. Kuma haƙƙi dukiya ce, ana gadonta kamar gona ko gida. Makaɗin da ya bar mata da 'ya'ya da yawa, bayan shekaru wasunsu ma sun rasu sun bar nasu magadan, waƙarsa guda tana iya zama mallakar mutane masu yawa da ke zaune a garuruwa daban-daban. In iyalin ba su wakilta mutum ɗaya ba, mai neman izini bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Kiɗan gargajiya da ba a san mai shi ba fa?

Za ku iya cewa waƙar daɓe, ko ta gaɗa, ko kiɗan ƙoroso, ai na kowa ne. Gaskiya ne babu mutum ɗaya da zai ce shi ya ƙirƙire su. Sai dai dokar Najeriya ta ba irin wannan gadon al'umma kariya ta musamman, ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon ba da izini idan za a yi kasuwanci da shi a wajen muhallinsa na al'ada. Bayan haka, ko waƙar ta kowa ce, naɗin da wata ƙungiya ta yi mata a wata rana yana da mai shi, su ma waɗanda suka rera suna da nasu haƙƙin.

Waƙar Indiya da ta Turawa fa, wa zai sani?

A da babu mai sani. Kamfanin da ke Bombay ba shi da labarin abin da ake sayarwa a Sabon Gari. Yanzu kuwa kasuwar kaset da sidi ta mutu, kallo ya koma waya, kuma babbar kasuwar wasan Hausa ita ce YouTube, inda su Labarina da Izzar So suka yi suna.

YouTube tana da wata manhaja mai suna Content ID, wadda ta fara aiki a 2007. Kamfanonin waƙa suna ba ta samfurin duk abin da suka mallaka. Duk bidiyon da aka ɗora, sai manhajar ta saurare shi ta gwada da waɗannan samfura. In ta ji kiɗan da ya dace da na wani kamfani, ko da a ƙarƙashin maganar 'yan wasa yake, sai ta sanar da mai shi. Shi kuma ya zaɓa: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi amma kuɗin tallan da ke kai ya koma aljihunsa. In kuma mai haƙƙi ya shigar da ƙorafi a hukumance aka sauke bidiyo, ana rubuta wa mai tashar gargaɗi, gargaɗi uku kuma na iya sa a rufe tashar baki ɗaya. Manyan kamfanonin Indiya irin su Saregama, mai riƙe da ɗimbin tsofaffin waƙoƙin fina-finansu, da T-Series, suna bibiyar kayansu ta wannan hanya.

A ƙasashen da suka ci gaba ma haka abin yake?

Har ya fi tsanani, domin can kowa yana da takarda da lauya. A Amurka akwai wani wasan barkwanci mai suna WKRP in Cincinnati, wanda aka nuna daga 1978 zuwa 1982. Labarin gidan rediyo ne, don haka cike yake da waƙoƙin fitattun mawaƙan zamanin. Izinin da aka karɓa na talabijin ne, na ƙayyadadden lokaci. Da aka fitar da zangonsa na farko a faifan DVD a 2007, sai aka cire yawancin waƙoƙin aka sa wasu kiɗe-kiɗe marasa suna, aka yanke wasu wurare. Masoyan wasan suka yi ta ƙorafi. Sai a 2014 wani kamfani ya bi masu haƙƙi ya dawo da mafi yawansu.

Wani wasan, The Wonder Years, an nuna shi daga 1988 zuwa 1993, ya kuma samu karɓuwa sosai. Amma bai fito a DVD ba sai 2014, fiye da shekara 20 bayan ƙarewarsa, domin sai da aka nemi izinin waƙoƙi kusan 300.

Nawa ake kashewa?

Babu farashi guda da doka ta yanka. Ciniki ne tsakanin mai nema da mai haƙƙi, kuma abubuwa biyar ne ke ɗaga kuɗin ko su sauke shi: shaharar waƙar, tsawon abin da aka ɗauka daga cikinta, ƙasashen da za a nuna wasan, shekarun da izinin zai yi, da hanyar da za a bi, ko faifai, ko intanet, ko duka. Izinin Najeriya kaɗai na shekara 5 ba zai kai kuɗin na duniya duka na har abada ba. Ana iya biya a dunƙule sau ɗaya, ana iya yarjejeniyar ba da kaso daga duk abin da ya shigo.

Wani lokaci kuɗin waƙa yakan fi na fim ɗin kansa. Wani ɗalibi baƙar fata a Amurka, Charles Burnett, ya yi fim mai suna Killer of Sheep a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin da bai wuce dala 10,000 ba. Masana suka yaba masa ƙwarai, amma bai shiga kasuwa ba sai 2007, bayan an biya kimanin dala 150,000 na izinin waƙoƙin da ke ciki.

A wurinmu, ba lallai magadan makaɗi su nemi irin wannan kuɗi ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne neman su, da lauya, da tafiye-tafiye, da mayar da tsohon kaset zuwa kwamfuta. Ga kuma masu satar fasaha, waɗanda za su kwafe aikin ranar da ya fito su tura wa mutane a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗan kasuwa in ya auna wannan duka, sai ya ga da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Wanda kuma ya ce zai fitar ba tare da izini ba, ya sani dokar 2022 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin shekaru, ko duka biyun. Mai haƙƙi yana iya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ya nemi diyya, yana kuma iya neman a sauke kayansa daga intanet.

Me zai hana a cire waƙar kawai a sa wata?

Ana yin haka, amma ba kullum yake yiwuwa ba. A fim na zamani, maganar 'yan wasa tana kan layinta, kiɗa yana kan nasa, sai a ƙarshe a haɗa. In an ajiye su a rabe, cire kiɗa abu ne mai sauƙi. Tsofaffin wasanninmu kuwa yawanci a cakuɗe aka ajiye su, magana da kiɗa a wuri ɗaya. In kun goge kiɗan, kun goge muryar ɗan wasan. Akwai manhajojin zamani da ke iya raba murya da kiɗa, sai dai a kan tsohon sauti mai ƙura ba kullum suke fitar da abu mai daɗin ji ba. Sake ɗaukar muryar ma ba hanya ba ce, domin da yawa daga cikin taurarin sun riga mu gidan gaskiya: Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023.

Ko da an iya, akwai asara. Kiɗan buɗe wasa shi ne abin da ke kiran yara daga waje su rugo gaban talabijin. Wanda ya girma da shi, in ya ji an sauya, zai ce wannan ba wasan da ya sani ba ne. In kuwa makaɗin ya fito da kansa a cikin wasan yana kiɗa a wurin biki, babu dabarar da ta rage sai yanke fitowar gaba ɗaya.

Waƙa ce kaɗai matsalar?

A'a. Kafin a yi maganar izini, sai an samu kaset ɗin tukuna. A wancan zamani kaset na tasha yana da tsada, daga waje ake sayo shi, don haka akan goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai. Waɗanda suka tsira kuma, irin su U-matic da Betacam, zafi da ƙura da laima suna cin su, injinan da ke karanta su ma an daina ƙera su.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ɓarna ba. BBC ta goge ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960, har yau shirye-shirye fiye da 90 na shahararren wasanta Doctor Who ba a san inda suke ba. A 2013 aka sanar da gano guda 9 daga cikin waɗanda suka ɓata, kuma a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos aka same su. Haka fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wato abin da ake cewa ya ɓata, wani lokaci yana nan a kan kanta, ba a dai duba ba.

Bayan kaset, akwai haƙƙin marubucin wasan, da na 'yan wasa, da na littafin da aka ɗauko labarin in akwai. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce tana da sauran shekaru a ƙarƙashin kariya. Sannan kafin a sayar da fim a Kano sai ya bi ta hukumar tace fina-finai ta ƙasa da ta jiha.

Wa abin ya shafa?

Ya shafi mai kallo, wanda ba ya samun wasan sai a gurguje. Ya shafi ɗalibai da masu nazarin harshe, domin Hausar da aka yi a waɗancan wasanni, da sutura, da yadda gari yake a lokacin, tarihi ne. Ya shafi tashoshin, waɗanda ke zaune a kan dukiyar da ba sa cin moriyarta. Fiye da kowa, ya shafi iyalan makaɗa da na 'yan wasa. Guntayen wasannin suna yawo a intanet, dubban mutane suna kallo, wani yana karɓar kuɗin talla, su kuwa ko sisi ba ya zuwa gidansu. Rashin fitarwa bisa doka bai hana wasan yawo ba. Masu haƙƙi kawai ya hana ci.

To, me ya kamata ku yi?

Idan kuna da tsohon kaset da aka naɗa a gida, kar ku jefar. Ku ajiye shi a tsaye, a wuri mai sanyi marar laima, ku nemi wanda zai mayar muku da shi kwamfuta. Wataƙila naku ne kaɗai ya rage. Ku sanar da tashar da ta yi shirin, ko wata cibiyar adana tarihi kamar Gidan Arewa a Kaduna ko ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Doka ta sassauta wa ɗakunan karatu da ma'ajiyoyi su kwafi abu don adanawa. Amma mallakar kaset ba ta ba ku ikon sayar da abin da ke cikinsa ba.

Idan ku magadan makaɗi ne ko na ɗan wasa, ku zauna a matsayin iyali ku wakilta mutum ɗaya ko biyu a rubuce. Ku tattara sunayen waƙoƙin, da inda aka naɗe su, da duk wata takarda ko faifai da mahaifinku ya bari. Ku tuntuɓi ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a madadin mawaƙa. In wani ya zo neman izini, ku tambaye shi abu huɗu kafin ku sa hannu: wace waƙa, a wace hanya, a waɗanne ƙasashe, na shekara nawa. Ku bambance tsakanin ba da izini da sayar da haƙƙin gaba ɗaya, domin na biyun ba ya dawowa.

Idan kuwa ku masu shirya fim ne a yau, wasan da kuke ɗorawa wannan makon shi ne tsohon wasan shekara 30 masu zuwa. Ku rubuta yarjejeniya da mawaƙinku da mai kiɗanku, ko da abokai ne, a ambaci talabijin da intanet da duk wata hanyar da za ta fito nan gaba. Ku rubuta jerin kiɗan kowane kashi. Ku ajiye magana daban, kiɗa daban. Ku guji ɗora baitinku a kan karin waƙar Indiya, domin karin ma yana da mai shi. Wannan aikin takarda ba zai ci muku fiye da yini guda ba, kuma shi ne zai ba 'ya'yanku damar sayar da aikinku ba tare da sun bi gari-gari suna neman sa hannun mutanen da ba su taɓa gani ba.